Yadda ake binciken ƙasar fili kafin a zuba harsashin gini a Damagaram

Yawancin filayen da ake sayarwa da araha a tsakiyar Zinder ba banza suka yi araha ba. Garin nan da ƙasa aka gina shi, kuma duk inda aka ɗebi ƙasar gini rami aka bari. Ramin ya zama kududdufi, kududdufin ya zama juji, jujin ya cika ya baje, sai dillali ya kafa duwatsu huɗu ya ce ga fili. Daga sama ba ka bambanta shi da ƙasar Allah. Sai gini ya ci damina biyu ko uku bango ya fara darewa daga kusurwar taga, ƙofa ta daina rufuwa, daɓe ya lotsa a tsakiyar ɗaki.

Abin da zan bayyana ya ishi mai gina gidan ƙasa-ƙasa, shago ko katanga. Mai niyyar bene ma ya yi shi, amma ba zai raba shi da injiniya da ɗakin awon ƙasa ba. Idan da hali, a yi aikin kafin a biya kuɗin fili. Mai sayarwar da ya hana ka haƙa ramin gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Kayan aiki

Diga biyu, shebur biyu, dagi, baro da bokiti mai igiya. Mitar awo. Guntun rodi mai kaurin milimita 12 ko 14, tsawonsa kamar mita ɗaya da rabi. Tsani mai ƙwari. Katakai masu kauri da sandunan tokare. Kwalabe masu haske guda biyar, ledoji sababbi, littafi da biro, da waya mai ɗaukar hoto.

Na kare jiki kuwa: hular kwano, takalmin roba mai tsawo, safar hannu ta roba mai kauri, takunkumin ƙura na gaske mai matse hanci, jarkar ruwa da sabulu. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare ƙurar guba. Mutane aƙalla uku: ɗaya a rami, ɗaya yana karɓar ƙasa, ɗaya kuma aikinsa ido kawai.

1. Tambaya tana gaba da diga

Je ka gai da mai unguwa, sannan ka nemi dattawan da suka daɗe a layin, musamman tsofaffin mata, don su ne suka san inda aka riƙa zubar da shara da inda yara ke wanka da damina. Kada ka ce “filin nan yana da kyau?”, kowa zai ce maka lafiya lau. Tambayi abin da ke wurin shekara ashirin ko talatin da suka wuce. An taɓa buga tubali a nan? An yi jima ko rini? Akwai garejin da ya tashi? Akwai tsohuwar rijiya ko salga da aka rufe? Tambayi kuma inda ruwa ya tsaya a daminar 2024, wadda ta kayar da tsohon masallacin ƙasan nan na ƙarni na 19. Kowa yana tune da ita, kuma za a nuna maka shaidar ruwan a jikin bango.

Idan kana da mai kwamfuta, Google Earth yana nuna hotunan shekarun baya. Baƙin tabo ko kore a inda filinka yake yau, tsohon tabki ne.

Sannan ka zagaya da ƙafa. Dubi gidajen maƙwabta: tsaga mai tafiya a karkace kamar matakala, katangar da ta sunkuya, farin gishiri a gindin bango. Dubi ƙasa: leda tana leƙowa, fasassun kwalabe, toka, baƙin tabon da ciyawa ba ta fitowa a kai, ko akasin haka, wurin da ciyawa ta fi ko'ina kore da rani. Wanda zai iya jira ya zo ya ga filin a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi.

2. Zaɓen wuraren rami

A fili mai murabba'in mita 300 ko 400, rami biyar nake yi: kusa da kusurwoyin ginin huɗu, ɗaya a tsakiya. Idan kuɗi bai kai ba, uku a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa. Rami ɗaya yaudara ne, domin bakin tsohon kududdufi yana iya ratsa filin ta tsakiya, rabi ƙasa mai kyau, rabi shara.

Kada ramin ya faɗa daidai kan layin bango. Matsar da shi kamar mita ɗaya waje, don kada ka sassauta ƙasar da za ta ɗauki harsashi. Ka nisanci katangar maƙwabci da aƙalla zurfin ramin da za ka yi. Bincika kuma ta ina bututun ruwa da wayar lantarki suka bi, ka tambayi kamfanin ruwa da na lantarki, NIGELEC, idan filin yana bakin titi. Rabin mitar farko da shebur ake yi a hankali.

3. Haƙa, da kiyaye ran mai haƙa

Nan ne na fi tsananta wa leburori, kuma nan ne suka fi gardama. Ƙasa cikin mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi ta haura tan ɗaya da rabi. Ba sai ta rufe kan mutum ba, ta kai masa ƙirji kawai numfashi ya gagara. Kuma ba ta sallama.

Faɗin rami mita ɗaya, tsawo mita ɗaya da rabi. Za a sauka har sai an wuce duk wata ƙasar ciko, an shiga ƙasar asali da aƙalla santimita 50. A fili mai lafiya, mita ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa.

Da zarar zurfi ya kai mita 1.2, ba mai ƙara shiga sai an yi ɗaya cikin biyu. Ko dai a kwantar da bangon rami, ko a tokare shi. Kwantarwa ta fi sauƙi idan akwai sarari: a yashi ko ƙasar ciko, kowace mita ɗaya ta zurfi a ja baya mita ɗaya da rabi, ko a yi shi hawa-hawa. Tokarewa kuwa, a jera katakai a tsaye a jikin bango biyu masu fuskantar juna, a gitta wani katako a kansu, a ɗaure da sanduna daga bango zuwa bango. Ana sa tokare daga sama zuwa ƙasa, ana cire shi daga ƙasa zuwa sama. Tsofaffin kwanon rufi ba tokare ba ne. Idan babu katako kuma babu sarari, a tsaya a mita 1.2, a ci gaba da gwaji da dagi da rodi daga nan, ko a yi hayar injin haƙa ya fito da ƙasar a duba ta a waje.

Ƙasar da aka fitar a zuba ta mita ɗaya daga bakin rami. Leburori suna son tara ta a baki don sauƙi, nauyinta kuma shi ke karya bango. Tifa da amalanke su ma su tsaya nesa. Tsani ya zauna a cikin rami koyaushe, kansa ya ɗara baki da mita ɗaya.

Ƙasar Damagaram tana ruɗin mutum da rani: ta bushe ta yi tauri har diga tana tsalle, sai a ɗauka dutse ce. Ruwa guda ya isa ya mai da ita kunu. Ramin da ya kwana, ko aka yi ruwa a kansa, sai an duba bakinsa. Tsaga a ƙasa kusa da baki, ɓurɓushi yana gangarowa, ko ruwa yana tsattsafowa daga gindi: kowa ya fito.

Sai maganar iska. Shara mai ruɓewa a ƙarƙashin ƙasa tana fitar da iska iri-iri. Akwai mai kamawa da wuta, ba ta da wari. Akwai mai nauyi da ke kwanciya a gindin rami ta kori iskar numfashi. Akwai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa take kashe jin warin, mutum ya ɗauka ta tafi. Masu haƙar rijiya sun saba zura fitila su ga ko za ta mutu. A kan juji ko kusa da tsohon gidan mai kada a yi haka, wutar kanta ce haɗarin. Ba taba sigari, ba ashana. Idan ana iya samun na'urar auna iska a ara. Idan babu, a bar ramin a buɗe, a hura masa iska da fanka kafin a shiga, mai shiga kuma ya ɗaura igiya a ƙirji. Janareta da injin jan ruwa su zauna nesa da baki, ta inda iska ba za ta kai hayaƙinsu ciki ba.

Wanda ya ji jiri ko ciwon kai ya fito nan take. Idan mutum ya faɗi a rami ba tare da wani abu ya buge shi ba, kada kowa ya diro ceto: haka ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya. A jawo shi da igiyarsa, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. Idan ƙasa ce ta rufta, a tokare abin da ya rage tukuna, a tone da hannu da ƙaramin shebur, a fara buɗe fuska da ƙirji. Ba a fizgo shi da igiya ko mota. Ko ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin wanda ƙasa ta danne na iya samun matsalar ƙoda daga baya.

4. Karanta bangon rami

Kankare gefe ɗaya da shebur ya fito fes, jingina mitar awo, ɗauki hoto. Rubuta daga sama zuwa ƙasa: daga kaza zuwa kaza launi kaza, tauri kaza, wari kaza.

Ƙasar asali tana zuwa shimfiɗa-shimfiɗa, launinta bai ɗaya. Ƙasar ciko a cakuɗe take, kuma tana tona asirin kanta: leda, tsumma, ƙashi, gawayi, kasko, ɓaraguzan bulo. Guntun leda guda a zurfin mita biyu ya isa shaida cewa duk abin da ke samansa zubawa aka yi.

Gwaji uku nake yi a kowane rami. Na farko rodi: tsaya a gindi ka danna shi da nauyin jikinka. In ya shiga ɗan yatsa ko biyu ya tsaya, madalla. In ya nutse kamu ɗaya ko fiye, ba a kai ba tukuna. Na biyu kwalba: zuba ƙasa kashi ɗaya cikin uku, cika da ruwa, girgiza sosai, ajiye. Yashi yana kwanciya cikin minti ɗaya, ƙasa mai laushi cikin 'yan sa'o'i, yumɓu kuwa sai ya kwana ruwan bai washe ba. Abin da ya taso sama shara ce, in kuma ka ga ƙyalli mai launi-launi a fuskar ruwan, akwai mai. Na uku, jiƙa ƙasar ka murza ta a tafin hannu. Wadda ta yi dogon zare ba ta karye ba, yumɓunta ya yi yawa: tana kumbura da damina, ta tsuke ta dare da rani, tana ɗaga gini tana saukewa.

Bar ramin ya kwana a rufe, da safe ka duba ko ruwa ya taru, ka auna. A garin nan dutse yana kusa, ruwan sama ba ya samun hanyar nutsewa, sai ya kwanta a kansa. Ramin da ya bushe a watan Maris yana iya cika a Agusta. Tabon toka-toka da ja-ja a jikin ƙasa alama ce ruwa yana hawa har nan.

5. Idan ƙasar tana da guba

Ƙasa marar ƙarfi gini take kayarwa, mai guba kuwa mutanen gidan take ci a hankali, kuma yara ne kan gaba, don su ke wasa a ƙasa suna kai hannu baki.

Tsohon gareji ko wurin sayar da mai: ƙasa baƙa, mai maiƙo, mai wari. Mai yana hana siminti kamawa yadda ya kamata, yana kuma iya ratsa bututun roba ya shiga ruwan sha.

Wurin da aka fasa batir, aka narka dalma, ko aka ƙona wayoyi: wannan ya fi ba ni tsoro, don ba wari ba launi. Dalma ba ta ruɓewa, tana nan har jikoki. A Zamfara a 2010 ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400, kuma maganin da aka yi wa garuruwan shi ne kankare ƙasar sama, binne ta a keɓaɓɓen wuri, a shimfiɗa sabuwa. Idan ka ga fasassun kwandunan batir, dakatar da aiki har a auna ƙasar.

Tsohuwar majema, mahauta ko inda aka binne mushe: gashi, ƙaho, farar toka. Ƙwayar ciwon saifa na dabbobi tana rayuwa a ƙasa shekaru masu yawa. Mai rauni a hannu kada ya taɓa, kuma duk wanda ƙurji mai baƙin kai ya fito masa bayan aikin ya tafi asibiti ya faɗi inda ya yi aiki.

Juji na gari: komai na ciki, har allurai. Ba a sa hannu tsirara, ba a shiga da silifa.

A irin waɗannan wurare a yayyafa ruwa kafin a haƙa don ƙura ta kwanta, musamman lokacin hunturu. Ba ci, ba goro, ba shayi a bakin rami. A wanke hannu da sabulu kafin abinci, kayan aiki kuma su kwana a wurin, kada a kai su gida a haɗa da wankin yara.

Don awo, ɗebi ƙasa daga kowace shimfiɗa dabam. Mai maiƙo a kwalbar gilashi a toshe, saura a sabuwar leda, a rubuta lambar rami da zurfi. Awon ƙarfin ƙasa aikin ɗakin awo ne irin na gwamnati mai kula da ayyukan gine-gine a Yamai. Na guba kuwa, injiniya ko ma'aikatan muhalli za su nuna maka inda ake kaiwa.

Ƙasar da aka kwashe ba a buga bulo da ita, ba a cike ɗaki da ita, ba a zuba ta a tabki. Manoma za su zo da amalanke suna roƙonta a matsayin taki, don sun saba da ƙasar juji. In akwai batir ko baƙin mai a ciki, hana su. Nemi ma'aikatar magajin gari ta nuna inda za a zubar, a rufe tifa da tamfol.

Idan gurɓatar ba ta da zurfi, a kwashe ta duka har ƙasa mai tsabta. Idan ta yi zurfin da ba a iya kwashewa, a rufe: tsakar gida a yi mata daɓen siminti, inda ba daɓe a shimfiɗa raga ko tamfol mai launi a matsayin alama, a zuba ƙasa mai tsabta santimita 60 a kai. A irin gidan ba rijiya, ba lambu, bututun ruwa kuma a kwantar da shi cikin yashi mai tsabta nesa da wurin mai.

6. Wane harsashi

Ƙasar asali mai tauri a ƙasa da mita ɗaya: harsashi na yau da kullum ya isa.

Ciko mai zurfin mita ɗaya zuwa biyu: a ratsa shi. Ƙafafun ginshiƙai su sauka kan ƙasar asali, a ɗaure su da ɗamarar kankare mai rodi, bango ya hau kan ɗamarar. Faɗaɗa harsashi a kan shara ba ya magani, sharar tana ci gaba da ruɓewa tana lotsawa.

Ciko fiye da mita biyu, ko ruwa a gindi: aikin injiniya ne. Sau da yawa kuɗin harsashin ya fi rarar da aka samu a farashin fili, araha ba ta ado. Ni a nan shawarata a bar filin.

Yumɓu mai kumbura: a sauka aƙalla mita 1.2 zuwa 1.5, a zagaye ginin da daɓe mai faɗin mita ɗaya mai gangara waje, indararo ya zubar nesa, dogonyaro kuma kada a dasa shi a gindin bango.

Akwai matsalar da ta zama tamu ta Damagaram: dutse a kusurwa ɗaya, ƙasa a ɗayar. Maigida yana murna ya samu dutse, alhali ɓangaren dutsen ba ya motsi, na ƙasar yana ɗan sauka, sai ginin ya tsage daidai mahaɗarsu. Ko dai duk ƙafafu su kai dutse, ko a raba ginin gida biyu da tsaga ta gangan daga harsashi har sama. A tabbata kuma dutsen uwa ne, ba ƙaton curi ne da ke zaune cikin ƙasa ba: a tone gefensa a gani. In fuskarsa a karkace take, a sassaƙa ta hawa-hawa kafin a zuba kankare.

Kowanne aka zaɓa, a fara shimfiɗa kankare mai rauni santimita 5 a gindi, don rodi kada ya taɓa ƙasa. Kankaren harsashi buhu 7 na kilo 50 ne a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, wato kusan buhu ɗaya, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa. Kankare ya rufe rodi da santimita 5 ta ko'ina, musamman inda ƙasa ke da kanwa ko gishiri. Ruwan kwaɓi ya zama wanda za a iya sha. Na san tsadar ruwa a garin nan, na san kuma jarabar ɗebo na kududdufi, amma dattinsa da gishirinsa suna raunana siminti. A yi ta ba kankaren ruwa kwana 7, a lulluɓe shi da buhuna jiƙaƙƙu don ruwan ya daɗe.

7. Cikewa

Ramukan gwaji da cikin ɗakuna da jar ƙasa mai burji ko yashi mai tsabta ake cike su. Zuba kaurin santimita 15, yayyafa ruwa, daɓe, sannan a ƙara wani. Da inji ana iya kai santimita 20. In babu inji, a cika babban gwangwani da kankare a kafa masa sanda, ya zama madaɓi. Ruwan ya yi daidai idan ka dunƙule ƙasar ta riƙe siffarta ba ta jiƙa maka hannu ba, ka sake ta daga ƙugu ta fashe gida uku ko huɗu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a juye tifa guda a ɗaki, a kwarara ruwa, a daɓe sama. Saman ne kawai ke tauri. Gidan gara ko tushen bishiya da aka tarar a tone shi duka. Tsohuwar salga ko rijiya a yashe, a cike ta hawa-hawa, a rufe da murfin kankare mai rodi, kuma ko an cike ta kada ginshiƙi ya hau kanta. Kafin zuba daɓe a shimfiɗa leda mai kauri, bakunanta su hau juna, don tare danshi da wari.

Ramin da ba a gama da shi ba kada ya kwana a buɗe. A rufe shi da katakai masu nauyin da yaro ba zai iya ɗagawa ba, a kewaye da ƙaya ko shinge, a gaya wa maƙwabta. Da damina a yi masa ɗan tudun ƙasa ta gefen da ruwa ke gangarowa, in kuma ya tara ruwa a kwashe a ranar. Hotuna da littafin da ka rubuta ka ajiye su tare da takardar fili, injiniya zai nema, haka ma ranar da za a ɗora bene ko a haƙa sabuwar salga.